Tsohon da Ya Ce Kitse Yana Magana

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata, sha tara ga watan Sha'aban na shekarar 1446, daidai da sha takwas ga Fabrairun 2025, Allah Ya karɓi ran Dakta Idris Horiuchi a gidansa da ke Imizu, wani gari mai nisa da Tokyo a ƙasar nan da nake ci-rani, yana da shekara tamanin da ɗaya a duniya. Ya yi sallar asuba, ya fita ya kwashe ƙanƙarar da ta toshe ƙofar gidansa da ta maƙwabciyarsa, ya dawo ya zauna a dakalin da ake cire takalmi, ya ce wa mai ɗakinsa Fumie ta ɗora masa shayi. Kafin ruwan ya tafasa ya cika. Ni kuwa ina garejin da muke kwance tsofaffin motoci, kaina yana cikin injin wata akori-kura, aka bugo mini waya.

Dakta, duk garin nan Sensei suke ce maka, yadda suke ce wa kowane likita da kowane malami. Ni kaɗai nake ce maka Kaka, domin tun ranar da muka haɗu ka ba ni fuskar wasa, ni kuma ba a ba ni irin wannan fuskar in mayar. A masallacin 'yan Pakistan masu fataucin motoci ne, bayan sallar Juma'a. An faɗa mini kai ne tsohon likitan nan da ya musulunta tun yana saurayi, lokacin da ya yi aiki a Indonesiya. Na ga kowa yana rusuna maka, sai na ɗauke takalminka na ɓoye, na ajiye maka silifas ɗin banɗaki a gurbinsa, abin da mutumin ƙasar nan ya gwammace ya tafi gida ba takalmi da ya tako titi da shi. Ka dubi silifas, ka dubi fuskokin jama'a ɗaya bayan ɗaya, ka tsaya a kaina. Na zaci faɗa za ka yi. Sai ka miƙo yatsa ka tsokane ni a ciki, ka ce, "Siriri ne, amma akwai ajiya a ciki. Me kake ci da dare?"

Haka kake. Duk abin da aka yi maka, tambaya ce take fitowa daga bakinka.

Kai ne ka fara faɗa mini cewa kitse yana magana. Na yi dariya har da riƙe bango, na ce a garinmu kitse ba ya magana sai an jefa shi cikin kasko. Ba ka ji haushi ba. Ka zaunar da ni a bakin hanya, ka ce mutane sun ɗauka kitse buhu ne kawai da jiki yake tara rarar abinci a ciki, alhali shi ma gaɓa ce mai aiki, yana aika saƙonni ta cikin jini dare da rana. Akwai saƙon da yake zuwa ƙwaƙwalwa ya ce mata an ƙoshi, a ajiye cokali. Akwai wani kuma da yake bin hanyoyin jini yana gyara su, yana taimaka wa sukari ya shige inda ake bukatarsa. Ka faɗi sunayensu na likitanci, harshena ya kasa, sai na raɗa wa na farko Ɗan'aike, na biyu Mai-shara. Daga ranar har ka bar duniya da waɗannan sunaye kake kiransu, har a gaban yaranka likitoci, su kuma suna gyaɗa kai don kunya ta hana su tambaya.

Abin da ya fi ɗaure maka kai shi ne halin Mai-shara. Kitse ne yake yin sa, amma idan kitsen ya yi yawa a can cikin ciki, ya lulluɓe hanji da hanta, sai Mai-shara ya ragu maimakon ya ƙaru. Kakan ce wane irin ma'aikaci ne wannan, da idan gidansu ya yi arziki sai ya daina fita aiki? Ka yi shekaru da ajiye aikin asibiti, amma ba ka ajiye wannan tambayar ba. Kana taya wasu matasan likitoci tattara mutanen gari, a ɗebi jininsu, a ɗora su kan keken da ba ya zuwa ko'ina, a rufe musu hanci da baki da wata mesa, su yi ta tuƙi har sai numfashi ya ƙare. Kana son ka gano ko ƙarfin numfashin mutum da yawan motsinsa suna canza abin da kitsensa yake faɗa. Na kai kaina a ɗebi nawa, ka ce wannan binciken na 'yan ƙasa ne, don su ciwon sukari yana kama su tun ba su yi wata ƙiba ba, kuma jikin kowace al'umma da nasa hali. Na ce ashe jini ma sai da biza. Ka yi dariya har ka cire tabarau, sannan ka tsare ni da tambayoyi: matanmu da suke daka da surfe, suna yin teɓa? Manomi idan ya koma birni ya sayi babur, bayan shekara nawa cikinsa yake fitowa? Mai shan fura da mai shan lemon kwalba, wa ya fi saurin jin yunwa? Ni da ban wuce allo ba, ka mayar da ni kamar wani shehin malami, kana saurare da baki buɗe.

Idan lokacin awon ƙugu da ake yi wa ma'aikata duk shekara ya zo, abokan aikina 'yan ƙasa waɗanda suka haura arba'in sukan shiga tashin hankali. Wani ya daina cin shinkafa ana jibi awo, wani ya koyi shanye ciki har fuskarsa ta yi ja. Ni kuwa in bi bayansu in yi musu cakulkuli daidai lokacin da aka zagaya musu igiyar awo. Da na ba ka labari, ka ce in ƙyale su, igiya waje take aunawa, jini ne yake ba da labarin ciki. Kai naka maganin kullum ɗaya ne: kowace safiya kana filin unguwa da 'yar rediyonka mai kiɗan motsa jiki, tsofaffin mata sun yi sahu a bayanka, ana wurga hannuwa ana lanƙwasa ƙugu. Ruwa ko ƙanƙara ba su hana ka.

Amma mutum ɗaya ya gagare ka, shi ne Kanamori Goro, mai gidan abincin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Tsohon ɗan kokawar sumo ne. Bai kai manyan matakai ba kafaɗarsa ta samu matsala, ya dawo gida ya buɗe shago yana sayar da romon da 'yan kokawa suke ci. Da kaza yake yin sa, don su a wajensu dabba mai ƙafa huɗu alamar faɗuwa ce, kuma saboda kai ya koma sayen kazar da Musulmi suka yanka. A nan muke cin abinci ranar Juma'a. Mutum ne da idan ya tsaya a ƙofa sai shagon ya yi duhu, ga shi da kunya kamar sabuwar baƙuwa.

Kai ka bayyana mini abin da yake damunsa. Ka ce ɗan sumo muddin yana atisaye, kitsensa a ƙarƙashin fata yake tsayawa, cikinsa fes, jininsa lafiya, ko da ya kai nauyin mutum uku. Ranar da ya daina atisaye bai daina ci ba, sai kitsen ya yi ƙaura zuwa ciki. A ido mutumin bai canza ba, amma maganar da kitsensa yake yi ta canza. Kanamori ya shekara goma sha bai ɗaga ƙafa ba. Sukari ya kama shi, ya fara taɓa ƙodarsa, kuma likitansa ya gaya masa idan aka ci gaba a haka, injin wankin ƙoda ne a gabansa. Mahaifinsa a kan wannan injin ya ƙare rayuwarsa. Idan shi ma ya hau, shago ya rufu, kuma shagon nan shi ne duk abin da ya rage masa.

Ka gayyace shi fili ba sau ɗaya ba. Kullum sai ya rusuna ya ce zai yi tunani, wanda kowa a nan ya san ma'anarsa a'a. Mutumin da dubban jama'a suka taɓa kiran sunansa a fage ba zai tsaya cikin kakanni yana wurga hannu ba.

Wata Juma'a muna fitowa daga shagon ka riƙe mini hannu, ka ce ka gano bakin zaren. Ka ce mutumin nan ba zai motsa don kansa ba, amma idan aka roƙe shi ya koyar, ba zai iya ƙi ba, kuma sumo ba a koyar da ita a zaune. Na ce to wa zai koya? Ka dube ni.

"Kaka, ni? Dube ni fa da kyau. Idan mutumin nan ya yi atishawa, a Koriya za a tsinto ni."

"Sai mu aika a ɗauko ka," ka ce. "Jirgin ruwa yana zuwa duk mako."

Muka koma da kwalin alewa a hannu. Kai da ka isa haihuwarsa ka durƙusa a gabansa, ka ce ga jikanka, marar jin magana ne, ba ya tsoron kowa, ka rasa mai ladabtar da shi, kana roƙon ya karɓe shi almajiri. Kanamori ya yi ta share gumi, ya dubi ƙasa, ya dubi rufi. Da ƙyar ya ce in zo gobe da safe bayan shago.

Rigimar farko a kan bante aka yi ta. Na ce ni fa ba zan fito da cinyoyina waje ba, sai dai a ɗaura mini a kan wando. Ka goya mini baya. Da aka gama naɗe ni, Kanamori ya ja da baya ya ƙare mini kallo, ya ce bai taɓa ganin an naɗe tsinken cin abinci da tawul ba sai yau. Wannan ce dariyarsa ta farko da na ji. Daga nan ya fara nuna mini tushen abin: a buɗe ƙafafu, a sauke ƙugu, a ɗaga ƙafa ɗaya sama a hankali, a dire ta, a koma ɗayar. Ranar farko ya yi kaɗan ya jingina da bango yana haki, ni kuma na kwana uku ina yin sallah a zaune. Kai kana gefe kan kujera, ka hana shi wuce ƙima, kana tuna masa cewa motsi ba ya maye gurbin magani, kowanne da aikinsa.

Abin da ban zata ba shi ne zan so abin. Sanyi biyu muka yi a haka. Ƙafata ta koyi tashi har sama da kafaɗata, bayana a miƙe. Kanamori ya fara gaya wa masu cin abinci cewa yana da almajiri baƙar fata wanda tsayuwarsa ta fi ta wasu da ya sani a Tokyo. Ni ma na koma ce masa Malam. Nauyinsa bai ragu sosai ba, har yanzu shagon yana duhu idan ya tsaya a ƙofa. Amma sukari ya sauka, ƙodar ta tsaya inda take ba ta ƙara lalacewa ba, Mai-shara kuma ya ɗan ɗago kai. Ranar da ka ga sakamakon ka kira ni a waya ina ƙarƙashin mota. Na tambaye ka, to motsin ne da kansa ya tashe shi, ko kitsen cikin ne ya narke? Ka ce, "Ban sani ba!" da murna kamar wanda aka yi wa albishir. Ka ce masana ma sun rabu biyu a kai. Ban taɓa ganin mutumin da rashin sani yake faranta wa rai kamarka ba.

Mun yi maka wanka a masallaci, muka sallace ka, aka ɗauke ka zuwa maƙabartar Musulmi can nesa cikin duwatsu, tunda a nan ƙona mamaci ake yi. Malam Kanamori ya zo cikin baƙaƙen kaya, ya tsaya daga gefe har aka idar. Da aka zo saka makara a mota, shi ya riƙe gefe ɗaya shi kaɗai.

Washegari bai buɗe shago ba. Labulen da ake ratayawa a ƙofa bai fito ba, bayan shago kuma ƙanƙara ta rufe wurin atisayenmu ba sawun kowa. Na ce makoki ne, na ƙyale shi. Da abin ya wuce mako na hau sama inda yake kwana. Na same shi zaune gaban tukunyar shinkafa, kwalabe a gefe, magungunansa ko buɗe su bai yi ba. Na yi masa wasa bai ɗago ba. Can ya ce:

"Nafi'u, mutumin da bai taɓa fashin motsa jiki ba ya tafi. Ni da nake cin rabon mutum biyar ga ni zaune. To wahalar me muke sha?"

Na ce masa ajali ba ruwansa da ƙiba ko rama, idan ya zo ya zo. Ya ce to shi ke nan, shi ma zai zauna ya jira nasa. Na je wajen Mama Fumie na faɗa mata. Ta ce zuciyarka ta daɗe da ciwo, kai ma ka sani, kuma ka sha gaya mata cewa ba don ka tsere wa mutuwa kake fita fili ba, sai don kada a kai ranar da wani zai ɗauke ka zuwa banɗaki. Ta ce kuma Allah Ya ba ka abin da ka roƙa, da hannunka ka ɗaura takalminka ranar ƙarshe. Na kai wa Malam wannan maganar. Ya saurara, ya rusuna, ya ce zai yi tunani.

Kaka, a nan na ji rashinka fiye da ranar da aka binne ka. Ba ni da iliminka, ba ni da furfurar da zan durƙusa da ita a ji kunyata. Abu ɗaya na iya tun ina yaro, shi ne tsokana.

Na je fili na samu tsofaffin matan nan masu bin sahunka. Tun rasuwarka suke zuwa su kunna rediyo, su yi abin ba mai tsayawa a gaba. Na ce musu gobe a ƙofar shagon Kanamori za a yi, kuma ni almajirinsa zan koya musu abin da ya koya mini. Suka zo kuwa, da hulunan sanyi da sandunansu, suka yi sahu a kan titi daidai ƙarƙashin tagarsa, lokacin da masu zuwa tasha suke wucewa. Na tsaya a gaba, na ɗaga murya yadda duk layin zai ji, na ce, "Ku duba da kyau, haka malamina Kanamori Goro ya koya mini." Sannan na turo ɗuwawu baya, na ƙudundune kafaɗa, na haɗe gwiwoyi, na ɗaga ƙafa kamar kare a gindin bango, na dire ta kamar agwagwa. Bayin Allah suka kwaikwaye ni tsakaninsu da Allah. Na sake, na ƙara lalata abin, ina ta maimaita sunansa. Mutane suka fara tsayawa. Wani ya ciro waya.

Taga ta buɗe, ta rufe. Sai muka ji matakala tana kuka. Ya fito da rigar barci, fuskarsa kamar garwashi.

"Kai, ɗan banza, wa ya koya maka wannan?"

"Kai mana, Malam."

"Ƙarya kake yi. Matsa can. Iyayena, don Allah ku manta da abin da kuka gani. Ku buɗe ƙafa. A'a, Baba, ba haka ba, riƙe sandarki. Ku dube ni."

Ya sauke ƙugu, ya ɗaga ƙafar nan a hankali har ta yi sama, ya tsayar da ita, ya dire. Ƙanƙarar da ke kan rumfar shagon ta zubo gaba ɗaya. Tsofaffi suka yi ta tafi. Ya koma ɗayar ƙafar. Bai tsaya ba sai da tururi yake tashi daga kansa, yana yi hawaye yana bin kumatunsa, ba wanda ya nuna ya gani.

Da aka watse ya kama ni ta ƙeya, ya ce tun ranar da muka shigo da kwalin alewa ya san shirinka ne, don ba mai hankalin da zai kawo irin ƙafafuna sumo. Ya ce ya karɓe ni ne saboda ka durƙusa masa. Na ce to yanzu fa? Ya dubi tsofaffin da suke tafiya suna waiwayensa, ɗaya tana ce masa gobe za ta zo da ƙanwarta, ya ce, "Yanzu ka haɗa ni da waɗanda ba a ce musu za a yi tunani."

Tun ranar bai yi fashi ba. Ya rage musu abin daidai ƙarfinsu, wasu da kujera suke yi. Labule ya koma ƙofar shago, magani ya koma bakinsa. Idan sanyi ya wuce furanni suka buɗe, zai koma asibiti a duba ƙodar, kuma ba wanda ya san abin da za a gani. Amma mutumin da ya ce zai zauna ya jira mutuwa, yau shi yake buga mini waya yana zagina idan na makara.

Ya Allah, ga bawanKa Idris ya zo gare Ka. Ya yi imani da Kai a ƙasar da masu kiran sunanKa ba su da yawa, ya ƙare rayuwarsa yana mamakin halittarKa, yana wahala a kan lafiyar bayinKa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanya duk wanda ya samu sauƙi ta dalilinsa a cikin mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Fumie, da 'yarsa Chizuru da 'ya'yanta, da jama'ar masallacinmu, da tsofaffin fili waɗanda suka rasa jagora. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya tsare bayansa. Shi kuma Malam Kanamori, Allah Ya raba ƙodarsa da inji, Ya bar masa shagonsa a buɗe. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Jikanka,
Nafi'u Gambo Ringim,
Imizu.